Barbushe, Giwa da Dunƙulen Maggi: Kowane Girma da Siffarsa

A yau ina son in ba mai karatu labarin wata tambaya ce da wani yaro ya yi mini a kan Dutsen Dala, wadda na amsa cikin gaggawa, daga bisani kuma ta dawo ta riske ni a inda ban yi zato ba.

Wata ranar Alhamis ce, ranar da ba mu da karatu, na kwashi 'yan ajina na Islamiyya muka hau dutsen da hantsi. Daga can sama muna hango Goron Dutse, da hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a, da kawunan itatuwa da suka ɗago a tsakanin gidaje. Na shiga ba su tarihin wurin. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Baturen nan Palmer kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya buɗe ne da labarin wani ƙaton maharbi da ke kashe giwa da sanda, ya ɗora ta a ka, ya yi tafiyar kusan mil tara da ita. Bakin mutanen Kano kuwa Barbushe yake jingina wa wannan bajinta.

Sai wani yaro ya ce, "Malam, wai da gaske ne?" Kafin in buɗe baki wata yarinya ta riga ni. Ta ce, "Me zai hana? Ai ko tururuwa tana ɗaukar ƙwayar dawa da ta fi ta girma. Idan mutum ya yi girma sosai, ai ƙarfinsa ma sai ya yi girma." Ni kuma rana ta fara zafi, sai na ce, "Labarin mutanen da ne, ku sauko mu tafi." Suka yi shiru, muka sauko. Amma tun a kan matakala na san ban kyauta ba. Yarinyar nan hujja ta kawo, ni kuwa ba abin da na kawo sai girman malanta. Alhali na zauna a gaban malamai, a zaure da jami'a, sun karantar da ni cewa ba a rushe hujja da tsawa.

Amsar da ya kamata in ba ta, ashe tana nan a madafin gidanmu. Mai karatu ya ɗauki dunƙulen Maggi guda ya ajiye a faranti. To, a ce yana son ya gina wani dunƙulen da ya ninka wannan sau biyu a tsayi da faɗi da kauri. Guda nawa zai nema? Mafi yawanmu za mu ce biyu, wasu su ce huɗu. Amsar ita ce takwas: huɗu a ƙasa, huɗu a sama. Nauyi ya ƙaru sau takwas ke nan, amma gindin da ke taɓa farantin sau huɗu kacal ya ƙaru. Idan ninki uku ake so, dunƙule 27 za a nema, tara ne kawai a ƙasa. Idan ninki goma ne, dunƙule 1,000 ne a kan gindi mai 100. A taƙaice, duk sa'ad da abu ya girma bai sauya siffa ba, nauyinsa yana tsere wa abin da ke ɗauke da shi.

Ƙarfin ƙashi kuwa ba a tsawonsa yake ba, yana a faɗin bakin da za ka gani ne idan mahauci ya datse shi. Haka ma tsoka. Wato ƙarfi yana tafiya da lissafin gindin dunƙule, nauyi kuma yana tafiya da lissafin dunƙulen baki ɗaya. Masanin nan na Italiya, Galiliyo, ya bayyana wannan a littafinsa na ƙarshe da aka buga a birnin Laidin na ƙasar Holan a 1638. Har zane ya yi na ƙasusuwa biyu, ɗaya ya ninka ɗaya sau uku a tsawo, ya nuna irin mummunan kaurin da babban zai yi kafin ya iya aikin da ƙaramin ke yi.

Bari mu gwada da maharbinmu. Babban toron giwa na Afirka yakan kai tan biyar zuwa shida. A ce maharbin zai ɗauke shi kamar yadda ɗan dako a Kasuwar Kurmi ke ɗaukar kayan da suka kai rabin nauyinsa. Ke nan shi kansa sai ya kai kusan tan 12. Mutum mai kilo 70 da tsayin mita 1.7, kafin ya kai wannan nauyi sai an ninka shi sau biyar da rabi ta kowace fuska, tsayinsa ya haura mita tara. A nan kowane ɗan yanki na ƙashin ƙafarsa zai ɗauki ninki biyar da rabi na abin da namu ke ɗauka, tun ma ba a ɗora masa giwar ba. Masana sun auna cewa rarar ƙarfin da ƙashin dabbobi masu shayarwa yake da ita, a kan abin da yake fuskanta lokacin gudu, ninki biyu ne zuwa huɗu. Maharbin da zai kori giwa da irin wannan jiki, ƙafarsa ce za ta fara karyewa. Idan kuwa aka kaurara masa ƙafafun har suka iya, to sun tashi daga ƙafafun mutum, sun koma irin na giwar da yake farauta.

Tururuwa fa? Gaskiyar yarinya ce, tana ɗaukar ninki goma na nauyinta, wata ma fiye. Sai dai sirrin ba wani ƙarfi ne na daban a tsokarta ba, ƙanƙantarta ce. Lissafin da ya karya ƙato shi ne ya taimaki ƙarami, domin idan ana ƙanƙancewa nauyi ya fi saurin raguwa a kan ƙarfi. Shi ya sa tsaka ke faɗowa daga rufin ɗaki ta ruga abinta, alhali jaki ba zai tsira da irin wannan faɗuwa ba. Da za a hura tururuwa ta kai girman jaki da siffarta ɗin nan, siraran ƙafafunta ba za su ɗaga cikinta daga ƙasa ba, balle ƙwayar dawa.

Da na gane wannan, sai kallon dabbobi ya sauya mini. Kyanwa a tsugune take tafiya, gaɓoɓinta a lanƙwashe, kullum a shirye da tsalle. Doki ya fi ta miƙewar ƙafa. Giwa kuwa ƙafafunta ginshiƙai ne a tsaye kyam, domin nauyi ya bi ta cikin ƙashi kai tsaye zuwa ƙasa, kuma ba ta tsalle ko kaɗan. Mu 'yan Adam ma da iyakarmu. Mutumin da ya fi kowa tsayi cikin waɗanda aka tabbatar da awonsu shi ne Robert Wadlow na Amurka, mai mita 2.72. Sai da ƙarafan tallafi a ƙafa yake tafiya, kuma gyambon da ɗaya daga cikinsu ya yi masa ne ya zama ajalinsa a 1940, yana da shekara 22. Mu da muke maƙwabtaka da Asibitin Ƙashi na Dala, muna ganin masu sanduna da filasta suna shiga suna fita, bai kamata a gaya mana cewa ƙashi yana da iyakar abin da zai ɗauka ba.

Wannan lissafi yana da wata fuskar da ta shafi kowane gida. Fata ma da lissafin gindin dunƙule take tafiya. Babban jiki fatarsa kaɗan ce idan aka kwatanta da nauyinsa, saboda haka zafi ba ya saurin fita daga cikinsa. Uwayenmu sun san tukunyar tuwon biki takan kwana da ɗumi, alhali malmala ɗaya a kwano nan da nan ta huce. Giwa damuwarta yadda za ta fitar da zafi ce, shi ya sa aka ba ta faffaɗan kunnuwa masu jijiyoyin jini tana fifita da su. Ɓera damuwarsa yadda zai riƙe zafin ce, shi ya sa ba ya hutawa da ci, zuciyarsa kuma tana bugawa kusan sau 600 a minti, ta giwa kuwa wajen sau 30. Wani masani, Max Kleiber, ya nuna a 1932 cewa gwargwadon girman dabba, gwargwadon raguwar abincin da kowane kilo na jikinta ke ƙonawa. Jariri sabon haihuwa, fatar da ke kan kowane kilo na jikinsa ta ninka ta babba fiye da sau biyu. Don haka sanyin hunturu da zai sa uba ya ja mayafi kawai yana iya jikkata jariri, gudawar da babba zai yini da ita yana harkokinsa tana iya ƙarar da ruwan jikin yaro cikin sa'o'i. Yaro ba babba ba ne da aka rage wa tsayi. Duk mai ɓallar rabin ƙwayar maganin manya ya ba jinjiri bisa kintace, ya tuna da wannan, ya nemi likita.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne, malamanmu sun riga ni tsayawa a kan irin tambayar yaran nan, kuma ba su kore ta ba. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya soki masu ba da labarin da ke cewa manyan gine-ginen mutanen da alama ce ta cewa jikunansu ƙatti ne. Ya kafa hujja da gidajen Samudawa da aka sassaƙa cikin duwatsu, waɗanda ɗakunansu da ƙofofinsu ba su wuce na sauran mutane ba, ya ce ƙarfin daula da haɗin hannu da dabarun injiniya su ne suka ɗaga duwatsun. Shi da Ibnu Kasir duk sun yi watsi da tatsuniyar Uju ɗan Unuƙu, wanda aka ce yana kamo kifi daga teku ya gasa a jikin rana.

Na san wani zai tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da tsayin Annabi Adamu (AS), kamu sittin. A lura, lissafin dunƙule bai ce babbar halitta ba ta yiwuwa ba. A kusa da Ingal, a jihar Agadas ta Nijar, an tono ƙasusuwan wata dabbar zamanin da a 1997, wadda tsawonta ya haura mita 15, kuma a kan ƙafafu masu kama da ginshiƙai ta yi tafiya. Abin da lissafin ya ce shi ne, ba a ɗaukar wannan jiki namu, da wannan ƙashi, da wannan siffa, a hura shi kawai. Wanda Ya ƙaddara girma Shi ne masanin ginin da ya dace da shi. Labarin Barbushe kuwa ba wahayi ba ne, tarihi ne da ya biyo ta bakin kakanni, kuma babu laifi a ɗora shi a sikeli.

Yanzu mu waiwayi itatuwan nan da muka hango daga kan dutse. Itace ba ya tafiya, amma tambayar da ke gaban giwa ita ce a gabansa: yaya zan tsaya da nauyina? Karan dawa idan ya yi tsawo fiye da kaurinsa, kwanciya yake yi. Wani masanin lissafi na Ingila, Greenhill, ya fitar da ƙa'idar a 1881, wani Ba'amurke kuma, McMahon, ya gwada ta a kan awon ɗaruruwan manyan itatuwa a 1973. Abin da ta nuna shi ne, idan tsayin itace ya ninka sau biyu, kaurin gangarsa sai ya kusa ninkawa sau uku, idan tsayin ya ninka sau huɗu, kauri sai ya ninka sau takwas. Wannan ne ya sa ɗan dashen darbejiya yake kamar bulala, tsohuwar darbejiya kuwa mutum ɗaya ba ya iya rungumar ta.

Itatuwan ƙasar Hausa uku sun amsa tambayar ta hanyoyi uku. Giginya ta amsa da ingancin kaya: gefen gangarta zaruruwa ne masu tsananin tauri, shi ya sa take miƙewa siririya har ta haura mita 20, ba ta kuma ɗora wa kanta rassa ba. Kuka ta amsa da kauri: itacenta laushi gare shi, cike yake da ruwan da take ajiyewa, don haka abin da ta rasa a tauri sai ta rama a faɗi, ta yi jibgegen gindi ba tare da wani tsayin a zo a gani ba. Ba banza ba wata kuka ta bar wa unguwa guda sunanta a nan kusa da mu, Kukar Bulukiya. Rimi kuwa ya amsa da dabara: yana son tsayi, itacensa ba mai nauyi ba ne, sai ya fitar da faffaɗan tokarai a gindinsa kamar bangaye, suna riƙe shi idan iska ta taso. Duk da haka akwai inda tsayi ke tsayawa. Dole ruwa ya hau daga saiwa zuwa ganyen ƙoli, kuma kowace mita tana ƙara wahalar jansa. Itacen da ya fi kowane tsayi a duniya, wanda aka gano a Kalifoniya a 2006, yana da kimanin mita 116. Masanan da suka hau irin waɗannan itatuwa sun tarar ganyen ƙoli ƙanana ne saboda ƙarancin ruwa, suka kuma ƙiyasta a 2004 cewa iyakar tana tsakanin mita 122 da 130.

Maginan Kano ba su karanta Galiliyo ba, amma hannunsu ya san zancen. Turawan da suka ci Kano a 1903 sun rubuta cewa ganuwa ta kai tsayin ƙafa 30 zuwa 50 a wasu wurare, kaurin gindinta kuma ƙafa 40, tana sirancewa yayin da take hawa, tamkar gangar itace. Azarar giginya ba ta cika wuce mita biyu ba tare da tallafi ba. Saboda haka idan magini zai yi babban soro, ba doguwar azara yake nema ba, fasalin rufin yake sauyawa baki ɗaya, ya ɗaure baka, ya rarraba nauyin zuwa bangaye.

A nan ne tambayar ta dawo ta same ni. Makarantarmu a zaure ta fara, da yara ba su kai arba'in ba. Yau sun haura ɗari huɗu, a ɗakuna huɗu na bulo. Ni ne na fi kowa matsa wa kwamiti cewa a ɗora bene a kan ginin, har na zagaya iyayen yara aka fara tara kuɗi. A raina lissafin mai sauƙi ne: ɗaki huɗu a ƙasa, huɗu a sama, shi ke nan. Wani dattijo a unguwarmu, tsohon magini, ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, ɗana, na ji kuna son ɗora bene. Ni na ga lokacin da aka haƙa harsashin nan, kwano aka yi masa niyya, ba dakin ba." Na ce, "Baba, ai bulon mai kyau ne." Ya yi murmushi ya ce, "Bulon da ke ƙasa shi zai ɗauki na sama, shi kuma ba a ƙara masa komai ba."

Daren nan na kasa barci. Kwana kaɗan kafin nan na gama jera wa yara dunƙulen Maggi a kan allo, ina nuna musu yadda nauyi ke tsere wa gindi, ga shi ni da kaina ina shirin zaunar da su a ƙarƙashin kuskuren da na gama yi musu bayani. Mun sha jin gini ya rufta da mutane a garuruwanmu, mu yi salati mu wuce. Washegari na koma wa kwamiti na janye maganata. Aka kira injiniya, ya haƙa gefen harsashi ya duba, ya tabbatar da abin da Baba ya faɗa. Ba daɗi na ji ba da na tsaya gaban iyaye ina bayanin dalilin fasa aikin da ni na kawo shi, amma wannan kunya ta fi mini sauƙi a kan wadda nake gudu.

Muka raba karatun gida biyu, safe da yamma, kuɗin da aka tara kuma aka ajiye don sabon gini mai nasa harsashin. Daga nan na lura ba bango kaɗai ne ya yi wa makarantar kaɗan ba. Lokacin da yara suke arba'in na san sunan kowa da gidansu, idan yaro bai zo ba kafin magariba na ji dalili. Da suka kai ɗari huɗu na ci gaba da dogara da ƙwaƙwalwata, har wani yaro ya yi mako uku ba ya zuwa ban farga ba. Yanzu kowane aji da rajistarsa da malamin da ke bibiyar iyayensa. Ba na cewa lissafin ƙashi shi ne lissafin makaranta, amma ishara ɗaya ce: abin da ya girma yana neman sabon tsari, ba ƙarin tsohon ba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Ita kuwa yarinyar, da na gama bayani a aji na ce mata hujjarta mai kyau ce, wuri ɗaya kawai ta zame, sai ta yi shiru tana kallon dunƙulen. Can ta ɗaga hannu ta ce, "To Malam, raƙumin dawa fa, yaya jini yake hawa kansa?" Na gaya mata ƙasusuwan wuyansa bakwai ne kamar namu, kowanne ne aka tsawaita, ƙarfin bugun jininsa kuma ya kai kusan ninki biyu na namu. Na ga alama wata tambayar na tafe a bayan wannan, kuma a wannan karon ban ce a tashi ba.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya sa mu san gwargwadon kanmu. Wassalamu alaikum.